Tambaya da Amsa: Na haɗa layin intanet biyu, na biyun ya ƙi zama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni nake kula da kwamfutocin wani ɗan ofis, da layin DSL ɗaya, wato intanet ta wayar tarho, muke aiki to da ma'aikata suka ƙaru sai layin ya fara ja da ƙyar, oga ya ce in nemo na biyu a wajen kamfanin da muke hulɗa da shi a haɗe su su zama ɗaya. An ja layin, na mayar da modem ɗin guda biyu birij, wato su miƙa layi kawai, rauta ce ke buga PPPoE, hanyar shiga wajen kamfani da suna da kalmar sirri, na kunna maltilink, tsarin haɗe layuka su zama ɗaya, a cikinta. Kowane layi in na gwada shi shi kaɗai yana hawa lafiya lau, amma da zarar na haɗa su sai na farko ya hau, na biyun ya yi kamar zai hau sai ya faɗi, wani lokacin kuma duka biyun su hau kowanne da nasa adireshin IP amma in ana sauke fayil gudun nan dai na layi ɗaya ne bai ƙaru da komai ba. Na kira kwastoma kiya sun ce su a allonsu komai kore ne, in kashe modem in kunna. Wallahi na kashe na kunna har na gaji, oga kuma ya fara yi min kallon wanda ya jawo asara. Laifin rautata ne ko nasu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka daina kashewa da kunnawa haka nan, modem ɗinka ba su da laifi tunda kowane layi yana hawa shi kaɗai. Su ma masu amsa waya ba ƙarya suka yi maka ba, abin da allonsu ke nuna musu shi ne waya tana da rai kuma asusunka yana aiki, maganar haɗe layi biyu kuwa ba ta bayyana a wannan allon sam. Daga yadda ka kwatanta, na fi zargin ɓangaren kamfanin, amma zargi ba ya gyara layi, sai ka kama hujja a hannu, hujjar kuma tana cikin log ɗin rautarka, wato inda take rubuta abin da ke faruwa a cikinta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne maltilink ba abu ne da kai kaɗai za ka kunna a naka ɓangaren ya yi aiki ba. Rautarka tana yanka kowane fakiti, wato ƙunshin data, gida biyu ko fiye, ta sa wa kowane gutsure lamba, ta tura wani ta wannan layin wani ta wancan, to dole a can ɗaya bakin a samu na'ura guda ɗaya da za ta karɓi gutsattsarin nan duka ta jera su bisa lamba ta sake ɗinke fakitin kafin ya wuce intanet. In babu wannan na'urar, ko tana nan amma ba a ce mata ta yi maka wannan aikin ba, duk saitin da za ka yi a ofis aikin banza ne. Tsarin kansa tsoho ne, tun zamanin ISDN da ake haɗa tashoshi biyu masu kilobit 64 a samu 128. An fara rubuta ƙa'idarsa a RFC 1717 a 1994, sannan RFC 1990 ta maye gurbinta a 1996, kuma ita ake bi har yau. Kada lambar ta ruɗe ka, 1990 ɗin lambar takarda ce ba shekara ba.

Yanzu ga yadda layi ke hawa, domin sai ka san matakan za ka san inda naka yake tuntuɓe. Da farko rauta tana neman wanda zai amsa mata ta PPPoE, saƙonni huɗu ne ake musanyawa, PADI, PADO, PADR, PADS. Wannan ya wuce maka tunda layukan suna hawa. Sai LCP, inda ɓangarorin biyu ke daidaita sharuɗɗan layin. Sai tantancewa da suna da kalmar sirri, ta PAP ko CHAP. Daga nan ne layin ke shiga dami, wato layukan da aka haɗe suka zama ɗaya, in an yarda da maltilink, sannan a ƙarshe IPCP ya ba da adireshin IP. Ka riƙe wannan da kyau: LCP da tantancewa kowane layi yana yin nasa, amma adireshin IP sau ɗaya ake bayarwa, ga damin gaba ɗaya. Don haka maganar da ka yi cewa wani lokaci kowane layi yana samun nasa adireshin, ita kaɗai ta isa ta nuna ba a ƙulla dami ba, layi biyu ne kawai kowa yana harkar gabansa.

A matakin LCP ake yin komai, kuma ciniki ne sak. Rautarka ta yi tayi da saƙon ConfReq, ta jero abubuwan da take so. In kamfani ya yarda da duka sai ya mayar da ConfAck, wato ya sallama. In ya gane abin da kake nema amma adadin bai yi masa ba sai ya turo ConfNak, wato albarka, kuma yakan faɗi adadin da zai karɓa. In kuwa ya turo ConfRej, yana ce maka ne wannan kayan ba ma a sayar da shi a nan, ka cire shi daga maganar. Bambancin Nak da Rej shi ne rabin gyaran. Nak kai za ka gyara, ka canza lamba ka sake gwadawa. Rej kuwa ko ka kwana kana canza lambobi ba abin da zai sauya.

Abubuwa uku ne na maltilink a cikin tayin. Babba shi ne MRRU, zaɓi mai lamba 17, wanda ke faɗin girman fakitin da na'ura za ta iya sake haɗawa daga gutsattsari, kuma sanya shi a cikin tayi shi ne yadda na'ura ke cewa ni ina jin maltilink. Babu wani saƙo daban na neman izini, MRRU ɗin ne kawai. Na biyu mai lamba 18 yana neman a yi amfani da gajeriyar lambar jeri mai bit 12 maimakon doguwa mai bit 24. Na uku mai lamba 19 shi ne Endpoint Discriminator, tambarin shaidar na'ura, wanda ke sa a gane layukan nan biyu daga na'ura ɗaya suka fito, galibi adireshin MAC, lambar shaidar ƙofar netwok ta na'ura, ake sawa ko wani suna da ka zaɓa.

To ka kunna log mai zurfi. In Cisco ce, umarnin shi ne debug ppp negotiation, sannan show ppp multilink zai nuna maka ko akwai dami da layuka nawa ne a ciki. In Linux ce mai pppd, ka ƙara kalmar debug a saitin tare da multilink. In MikroTik ce ka ƙara ppp da debug a cikin abubuwan da log ke ɗauka. In rautar ba ta da ko ɗaya, ka sa kwamfuta mai manhajar Wireshark tsakanin rauta da modem ka ɗauki zirga-zirgar. Sai ka katse layukan biyu, ka tayar da na farko shi kaɗai, ka jira ya zauna, sannan ka tayar da na biyu. Kada ka tayar da su tare, log ɗin zai cakuɗe ka kasa gane wane saƙo na wane layi ne.

Abu na farko da za ka nema: a layin log ɗin da ke nuna rautarka ta aika ConfReq, akwai mrru a ciki? Za ka yi mamakin yawan waɗanda suka rantse sun kunna maltilink amma tayin nasu ya fita babu shi, saboda an kunna a wani shafi an manta da wani. A Cisco za ka ga MRRU 1524, ita ce lambar da take sawa da kanta, a pppd kuma galibi 1500. In babu, gyaran naka ne, ka koma saiti.

In yana nan, duba amsar. Idan ka ga an dawo da ConfRej ɗauke da mrru ɗin nan, magana ta ƙare, na'urar kamfanin ba ta yi maka maltilink. Abin da ke ruɗa mutane a nan shi ne layin ba ya faɗuwa, domin ƙa'idar PPP, wadda ake buga layin da ita, ta ce in an ƙi maka wani zaɓi ka cire shi ka sake tayi, to rautarka sai ta cire MRRU shiru ba tare da ta yi maka ƙorafi ba, ta sake tayi, a sallama mata, layi ya hau a matsayin PPP na yau da kullum, fitila ta yi kore, kai kana murna. Ka kuma duba ɗaya gefen, domin cinikin ta hanya biyu ake yi: shi ma kamfanin yana turo nasa ConfReq. In nasa tayin babu mrru, alama ce ba a kunna abin a wajensu ba.

Idan kuwa an sallama MRRU a layukan biyu amma duk da haka dami bai ƙullu ba, sai ka koma kan tambarin shaida, kuma ta fuska biyu. Naka tambarin dole ya zama iri ɗaya a layukan biyu. Wasu rautocin suna ɗaukar MAC na kowace ƙofa su yi tambari da shi, ƙofa ta ɗaya daban ta biyu daban, sai kamfani ya ɗauka mutum biyu ne. Ka sa shi da hannu, a pppd kalmar endpoint ce ke yin wannan. Haka sunan da ake shiga da shi, yawancin na'urori da suna da tambari suke tantance damin da layi zai shiga, in layi na ɗaya yana shiga da wani suna na biyu da wani, ba za su haɗu ba sai dai in kamfanin ya tsara hakan da kansa. Wannan yana yawan faruwa domin in ka sayi layi na biyu sai a buɗe maka sabon asusu da sabon suna, mai sayarwa bai san haɗe su za ka yi ba.

Sai tambarin da kamfanin ya turo maka, kuma a nan ne nake so ka zuba ido sosai don ina jin nan taka matsalar take, ganin ka ce abin yana canzawa, yau haka gobe haka. Ka kwatanta tambarin da ya zo a layi na ɗaya da wanda ya zo a na biyu. In sun bambanta, layukanka a kan na'urori biyu daban suka sauka. Manyan kamfanoni ba na'ura ɗaya suke da ita ba, suna da jeri, kuma duk wanda ya bugo sai a jefa shi inda ke da sarari. Ballantana in kamfanin da ka saya a wajensa ba shi ne mai wayar ba, haya yake yi, ana ɗauko haɗin naka ta ramin L2TP zuwa wajensa, a nan kam sai ka ga sunan da ya zo a PADO iri ɗaya ne a layukan biyu amma can ciki na'urorin da suka karɓa daban ne. Na'ura ta ɗaya tana riƙe da rabin fakiti, ta biyu tana riƙe da ɗaya rabin, ba mai iya ɗinkewa. Akwai maganin wannan a wajensu, ko su ɗaure asusunka ga na'ura ɗaya, ko su sa na'urorin su riƙa miƙa wa juna layi, Cisco tana da tsarin da take kira SGBP don wannan aikin. Amma kai daga ofis ba abin da za ka iya. Wasu suna ta katse layi na biyu suna sake bugawa har sa'a ta sa ya faɗa na'ura ɗaya da na farko, yana yi kam, sai dai ranar da wuta ta ɗauke ka koma gidan jiya, ni ban ɗauki wannan gyara ba.

Faɗuwar da layi na biyu ke yi kuma, ka duba a wane mataki yake faɗuwa. In LCP ya kammala, aka shiga tantancewa, sai aka ce an ƙi, ko aka karɓa sannan nan take TermReq, saƙon katse layi, ya biyo baya daga wajensu, alhali sunan da kalmar sirrin nan su ne suka yi aiki a layi na farko, to iyakar shiga ce ta kama ka. Kamfanoni suna ajiye bayanan asusu a sabar RADIUS, kuma da yawa suna ƙayyade shiga ɗaya kacal a lokaci guda don kada mutum ya raba wa maƙwabta asusunsa. Akwai ma wani saiti a RADIUS mai suna Port-Limit, lamba 62, wanda ke faɗin layuka nawa aka yarda asusu ya haɗa. In yana kan 1, na biyu ba zai zauna ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka juya tsarin, ka fara tayar da layi na biyu sannan na farko. In yanzu wanda ya zo daga baya ne ke faɗuwa ko wanne ne, ka san ba waya ba ce, iyaka ce.

In kuwa ka ga rautarka tana ta aika ConfReq babu amsa ko ɗaya, tana maimaitawa, galibi duk bayan daƙiƙa 3 har sau 10, sannan ta haƙura, wannan ba maganar maltilink ba ce, saƙon ne ba ya isa ko amsar ba ta dawowa, ka koma kan modem da birij ɗin da ka yi. Haka in ka ga tayin da ka aika shi ne yake dawo maka da lambar magic, wadda kowane ɓangare ke zaɓar tasa daban, iri ɗaya, layin yana juyo maka da maganarka ne, wani wuri an bar shi a yanayin gwaji.

Da ka samu layin log ɗin da ke nuna inda abin ya tsaya, kada ka sake kiran waya kana bayani da baki. Ka rubuta musu, ka nemi a miƙa takardar ga injiniyoyin netwok, ka manna layukan log ɗin da rana da lokaci daidai don su iya nemo nasu log ɗin na wannan mintin. Ka yi musu tambaya uku a fili: shin an kunna MLPPP, wato maltilink, a asusuna, shiga nawa aka yarda min a lokaci guda, kuma layukana biyu a na'ura ɗaya suke sauka? Injiniya in ya ga ConfRej da mrru a gabansa ba ya ce maka ka kashe ka kunna. Amma fa kafin ka tura ka bi log ɗin ka goge kalmar sirri, musamman in da Wireshark ka ɗauka kuma PAP ake amfani da shi, domin PAP a fili yake aika kalmar sirri ba ɓoyewa. CHAP ba ya aika ta, amma duk da haka ka duba.

Kuma ka shirya jin amsar da ba za ta yi maka daɗi ba. Kamfanoni da yawa ba sa yin maltilink kwata-kwata, wasu kuma sai a tsarin 'yan kasuwa. Da a ce kafin a ja layin aka tambaya da an huta, amma aikin gama ya gama. In suka ce ba sa yi, layin na biyu bai zama asara ba, ka sa rauta ta riƙa raba ma'aikata tsakanin layukan biyu, ga ofis mai mutane da yawa wannan ma yana rage cunkoso sosai, ga shi in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Abin da ba za ka samu ba shi ne fayil ɗaya ya sauka da gudun layi biyu. Ka yi wa oga wannan bayanin tun yanzu.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni layi ɗaya ne da ni a gida, kwamfuta mai Windows ce ke bugawa kai tsaye, sai ta tsaya a wajen tantance suna ta kawo min kuskure mai lamba 734. Ƙanena ya ce wai maltilink ne, ni kuwa ban haɗa komai da komai ba. Ya abin yake?

Amsa: Lafiya lau 'yar'uwa. Ƙanenki bai yi nisa da gaskiya ba. Windows tana da wani ɗan akwati da in aka yi masa alama, kwamfuta za ta riƙa neman maltilink ko da layi ɗaya ne, kuma akwai na'urorin kamfani da in suka ga wannan buƙatar maimakon su ƙi ta cikin lalama sai su katse haɗin gaba ɗaya. Lamba 734 tana nufin an yanke a matakin LCP. Ki buɗe Properties na haɗin, ki nemi maɓallin PPP Settings, ki cire alamar da ke kan Negotiate multi-link for single link connections, ki sake bugawa. In bai yi ba ki duba shafin Security, wani lokaci an tilasta wa kwamfuta wata hanyar tantancewa da kamfanin ba ya yi, ki bar ta ta karɓi PAP da CHAP duka. In lambar ta koma 691 kuwa, wannan suna ne ko kalmar sirri ko kuɗin asusu ya ƙare.

Tambaya: Injiniya barka da war haka. Namu damin ya ƙullu, rauta tana nuna layi biyu a ciki da adireshi ɗaya, sai dai tun ranar wasu shafuka suke buɗewa rabi su tsaya, imel mai ɗauke da fayil ba ya fita, kiran bidiyo kuma yana yankewa fiye da lokacin da muke layi ɗaya. Anya ba gara mu koma yadda muke ba?

Amsa: Barka kadai malam. Kada ka yi saurin komawa, ciwo biyu ne ka haɗa a tambaya ɗaya kuma kowanne da maganinsa.

Shafukan da ke buɗewa rabi da imel da ke maƙalewa, wannan girman fakiti ne. Ƙananan fakitoci suna wucewa shi ya sa shafin ke fara buɗewa, manya ne ke maƙalewa. Ethernet tana ɗaukar bayit 1500, PPPoE yana cin 8 a ciki, saura 1492, shi ya sa kake ganin wannan lambar ko'ina. Maltilink kuma yana ƙara nasa kan a kowane gutsure, bayit 4 in doguwar lambar jeri ce, 2 in gajeriya. Abin daɗin shi ne tunda yana iya yanka fakiti, dami yana iya ɗaukar cikakken 1500 in MRRU na ɓangarorin biyu ya kai haka. Matsala tana zuwa ne in wani ɓangare yana zaton 1500 ne ɗayan kuma ba ya iya karɓa, ko an kashe yankawa a gefe ɗaya sai cikakken fakiti ya nemi wucewa ta layin da bai kai girmansa ba. Ka gwada da ping wanda aka hana a yanka shi, a Windows ping -f -l 1472 sai adireshin, a Linux ping -M do -s 1472. Lambar 1472 in ka ƙara mata 28 na kan IP da ICMP ita ce 1500. In bai wuce ba ka sauko 1464, wanda ya yi daidai da 1492, ka ci gaba da saukowa har ya wuce. Abin da ya wuce ka ƙara masa 28, shi ne ainihin abin da hanyarka ke ɗauka, ka sa shi a matsayin MTU, wato iyakar girman fakiti, na damin, sannan ka sa rauta ta riƙa daidaita MSS na TCP, iyakar datar da ake zubawa a fakiti ɗaya, wato wannan lambar a cire 40. Ga 1492 zai zama 1452. Mafi yawan lokuta da ka yi wannan shafukan za su warware nan take.

Yankewar kira kuwa daga rashin daidaiton layukan ne. Mai karɓa ba zai iya miƙa fakiti gaba ba sai duk gutsattsarinsa sun iso, kuma a jere, don haka layin da ya fi jinkiri shi ke yanke wa kowa gudu. In ɗaya yana isar da saƙo cikin milisakan 10 ɗayan 40, kullum ana zaman jiran na biyun. A DSL wannan yana yawan faruwa in an sa wa layi ɗaya interleaving don gyaran kurakurai ɗayan kuma an bar shi a hanya mai sauri, ka nemi kamfani su daidaita su. Mafi muni shi ne layi ɗaya ya zama mai zubar da fakiti, domin gutsure ɗaya in ya ɓace fakitin duka ya tafi har da rabin da ya iso lafiya ta layi mai kyau. Ka ga ke nan layi ɗaya mara lafiya yana iya sa dami ya fi layi ɗaya mai lafiya muni, kuma ina jin abin da ke damunku ke nan. Ka shiga shafin kowane modem ka kwatanta gudun da ya kama da yawan kurakuran CRC, sannan ka gwada kowane layi shi kaɗai da ping na 'yan mintuna. A Cisco, show ppp multilink yana ƙirga gutsattsarin da suka ɓace da waɗanda suka zo a hargitse, in lambar ɓacewa tana hawa kana kallo, ka samu mai laifi. Haka in gudun layukan ya yi nisa da juna, a rautar da ke rabawa ɗaya nan ɗaya can ba za ka wuce ninki biyu na ƙaramin ba.

In layukan suna da sauri dama, gwada kashe yankawa a bar kowane fakiti ya bi layi ɗaya cikakke, a Cisco ppp multilink fragment disable ne, yana rage wa rauta aiki, amma sai ka gama gyaran MTU tukuna in ba haka ba za ka dawo da ciwon farko. Gajeriyar lambar jeri kuma ni ba na ba da shawararta a layi mai sauri, lambobi 4096 ne kacal sai a zagayo, bayit 2 da za ka tsimi ba su kai rigimar ba.

Tambaya: Salam. Ina da layin waya na kamfani ɗaya da kuma modem na 4G na wani kamfanin, zan iya haɗe su da wannan maltilink ɗin?

Amsa: Wa alaikas salam. A'a, ba zai yiwu kai tsaye ba, tunda kamfani biyu ba su da na'ura ɗaya da za ta ɗinke gutsattsarin. Ko dai ka yi rabon kaya, rauta ta riƙa tura wannan haɗin ta nan wancan ta can, sai dai ka kula wasu shafuka irin na banki suna fitar da mutum in adireshinsa ya canza a tsakiyar aiki, ka ɗaure irinsu ga layi ɗaya. Ko kuma ka yi hayar sabar a intanet ta zama ita ce ɗaya bakin, layukan biyu su haƙa rami zuwa gare ta ita ta haɗe. Ana yin wannan da Multipath TCP, wanda ƙa'idarsa ta yanzu RFC 8684 ta fito a 2020 kuma ya shiga Linux tun sigar 5.6, domin ya fi maltilink jure layukan da jinkirinsu ya bambanta, jinkirin 4G kuwa hawa da sauka yake yi a kowane lokaci. Ka zaɓi sabar da ke kusa da kai, kuma ka tabbata gudunta da adadin datar da aka ba ta sun fi na layukanka biyu a haɗe.